Naɗin Bahago

Sau uku cikin mako biyu babur ɗina ya mutu mini a tsakiyar titi. Ni da na yi shekara talatin da takwas ina gyaran wayarin ababen hawa, ni ne nake tura babur ina haki, masu wucewa na yi mini sannu. Ba abin da ke ƙona mini rai irin wannan sannun.

Babur ɗin ya girmi babbar 'yata, kuma irin na da ne: da batir ya yi sanyi, fulogi ya rasa wuta, magana ta ƙare. 'Ya'yana kuwa dama jira suke. Sun yi taro a falona, a kan kujeruna, suka yanke cewa in ya sake tsayawa da ni za su karɓi makulli. Wato in koma zaman ƙofar gida, sai wanda ya ga dama ya kai ni unguwa.

Da mai batir na fara. Na dire masa kayansa na ce ya sayar mini da gawa. Ya yi caji, ya gwada a gabana, batir garau. Na fito ban ba shi haƙuri ba, don har a lokacin haushinsa nake ji.

A gida na kankare bakin batirin, na ɗaure wayar jikin ƙarfe tamau, na tayar da inji na ja totur. In caji na shiga, fitila za ta ƙara haske. Ko gezau. Na ɗauko mita na kira uwar yara.

"Duba mini allurar nan, rana ce ke kashe mini ido."

"A inuwa fa kake, Malam."

"Lamba na tambaye ki."

Ta ce shida, kuma ba ta motsi. Na gwada koyil, wuta na fitowa. Na gwada rektifaya, ɗan abin da ke daidaita wutar kafin ta shiga batir, shi ma lafiya lau. Ke nan tsakaninsa da batir ne wutar take ɓacewa, a waya guda da ba ta kai kamu biyu ba.

Na cire kujerar babur ɗin na bi wayar da yatsu. Can ƙarƙashin tanki na ji wani wuri ya lotsa a cikin salatif. Na warware. An yanke ta ne da filaya, yankan tsaf, aka raba bakunan biyu aka rufe yadda ba mai ganewa. Ashe duk tura babur ɗin nan da na sha, mutum ne ya shirya mini.

Naɗin salatif ɗin ne ya tona shi. Ni bahago ne, ta hagu nake naɗi, in karya bakin in soke. Mutum ɗaya na koya wa haka a duniya: Auta, ƙanena, wanda na bar wa garejina.

Na haɗa wayar, na zarce can. Yana ganina ya ajiye sifana.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunka. Ni na koya maka riƙon filaya, shi ne ka gwada ta a kaina? Ka mayar da ni abin dariya a titi, maras kunya kawai."

Na zaci zai musa. Sai ya ce, "Ni na yanke. Na so ka gaji da shi da kanka, kada sai an gaya maka."

"A gaya mini me?"

"Ran nan ka ratsa tsakanin babbar mota da kwata, ina bayanka. Ko juyowa ba ka yi ba. Ba ka gan ta ba, Yaya."

Na ce ƙarya yake, idona ras. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita ba, har na ce ya fita daga garejin tunda ni na gina. Ya bari na gama, sannan ya ɗauko guntun waya a kan teburi ya sa mini a tafin hannu.

"In ka faɗi kalarta, wallahi ni zan hana yara taɓa makullin."

Na kai ta kusa da fuska. Na fita da ita rana. Daga kaurinta na san za ta ɗauki fitila, daga santsin robarta na san sabuwa ce. Na juya ta, na sake juyawa.

"Baƙa ce," na ce.

Auta ya sunkuyar da kai. A nan na gane ba baƙa ba ce.

Babur na nan a bakin ƙofa yana ruri, caji na shiga yadda ya kamata, na ji a muryarsa. Na je na kashe shi da hannuna. Na ce wa Auta ya kai ni gida a kansa, amma ya bi da shi a hankali, ba ya son a fizge shi a giya ta biyu.