Dogo da Kularsa

A shagon kafintocin nan, rana na take tsaka sai a share teburin aiki, kowa ya juye abin da ya zo da shi a tire ɗaya. Dogo mai zarto ne kaɗai ba ya zama. Sai ya rungumi kularsa ya shige ɗakin ajiyar katako ya turo ƙofa.

Babu komai a kular sai cokali. Tun da abinci ya yi tsada yake bar wa 'ya'yansa rabonsa, kuma ya gwammace yunwa ta kayar da shi da a san halin da gidansa ke ciki. Shi ya sa yake kwankwasa cokali a gindin kula yadda za a ji, ya fito yana sakace, har da gyatsar da ban san inda yake samo ta ba.

"Kai, matar nan za ta kashe ni da nama," in ji shi kullum.

Mai Fenti, wanda bai iya ganin bakin wani na motsi ba, ya ƙullace shi. Ranar da aka aiki Dogo kai kujeru, ya sunkuto kular ya dire a tebur.

"Yau sai mun ci naman marowacin nan!"

Ya buɗe. Cokali kaɗai ya yi ƙara a ciki. Kunya ta kama kowa.

Maigidan shagon ya ce, "To, ɓarawo, ka buɗe, sai ka cika."

Suka ɗura shinkafa da wake har murfi ya ƙi rufuwa. Mai Fenti ya ɗora naman da matarsa ta soya masa, yana kallonsa kamar zai yi kuka.

Dogo ya dawo, ya ɗaga kula, nauyinta ya kusa fizge masa hannu. Bai kalli kowa ba, ya shige. Kowa ya kasa kunne, amma ranar ba a ji cokali ba. Da ya fito babu tsinke a bakinsa, idonsa ja.

"Yau matar nan ta cika gishiri," in ji shi.

Mai Fenti ya zabura zai kare matarsa, maigida ya take masa ƙafa.

Da yamma Dogo ya ɗaure kular a bayan kekensa da igiya biyu, yana tuƙi a hankali. Loma ɗaya ya ɗanɗana, sauran na yara ne.

Mai Fenti ya bi shi da kallo. "Gobe a rage gishiri," ya ce, "a kuma nemo kula ta biyu. Wannan ba za ta taɓa isa cikinsa ba."