Binnen da Babu Mai Shi

A shekara ta biyu ta fari, wani dare Kassimu ya ji ƙara daga wajen gonarsa: ƙwas, shiru, ƙwas-ƙwas. Ya yanke cewa mutanen ɓoye ne ke daka, ya taya su murnar samun abin dakawa, ya koma barci.

Da safe matarsa Sakinatu ta leƙa tulu, ta tarar babu irin gero. Kwano uku ne, sun hana cikinsu shi tun kaka, alhali maƙwabta sun daɗe da cinye nasu. Ba ta yi dogon bincike ba. Ta ce ƙaninsa Badaru ne ya kai kasuwar Gezawa don ya sayi wiwi.

Badaru ya fi shekara ashirin yana zuƙar tabar nan, tun yana yaron mota. Mota ta bar masa ɗingishi, wiwi ta bar masa tari, ta kuma huda masa kai kamar rariya. Sai ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya tambaya ko an sauke. Da aka tsare shi, ya daɗe yana kallon tulun.

"Yaya, in ma ni ne, wallahi ban sani ba."

Kassimu ya ce a bar maganar, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sakinatu ta bar maganar, ta kuma daina amsa gaisuwar Badaru.

Bayan kwana tara ruwa ya sauka sosai. Kassimu bai leƙa gona ba, don ba shi da abin kai mata. A rana ta huɗu maƙwabcinsu Ɗan Iya ya zo ya ce duk su fito su gani.

Gonar ta yi kore, layi-layi. Ashe binne aka yi, aka zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Kassimu ya bi tazarar tsiron da ido: taku ɗaya dogo, ɗaya gajere, irin na mai ɗingishi, har bakin iyaka. Sai ya gane sungumi ya ji a daren nan.

Badaru ya tsuguna yana shafa tsiron, yana tari. Ya ce wanda ya yi aikin nan ya iya shuka, Allah ya saka masa. Sakinatu ta ce amin a hankali, ta tambaye shi ko ya karya kumallo. Ya ce bai tuna ba.

Ɗan Iya ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To wai, wa ya shuka muku gonar nan?"