Hannun Fasuma

Kowa a Jiratawa ya san bakina ba ya rufuwa. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, karatu sai da ƙyar, amma tun da ɗana ya sayo mini waya mai shafawa babu wadda ta kai ni danna vokal, wato saƙon murya. Wannan labarin na maƙwabciyata Fasuma ne, kuma shi kaɗai na iya riƙewa har aka yi mata arba'in.

Fasuma tana da ɗiya guda, Hidaya, kurma ce tun haihuwa. Su biyu suka ƙirƙiri maganarsu ta hannu, wadda ko uban yarinyar bai gane ba. Ni kuwa shekara da shekaru ina leƙe ta kan danga har na haddace ta tsaf. Sunana a wurinsu shi ne a kai yatsu baki a riƙa buɗewa da rufewa kamar agwagwa. Ban taɓa nuna na gane ba.

Hidaya ta auri Jibo, tela ɗan Tsibiri, ya tafi da ita Arlit, shekara shida ba ta zo gida ba. Ba ta jin murya, ba ta karanta saƙo. Bidiyo ne kaɗai zai yi mata, rezo kuwa, wato sabis ɗin waya, a unguwarmu ta bakin garaken lambu murya ma sai an hau turmi. In aka gwada, hoton ya daskare, hannun Hidaya a sama, maganar ba ta ƙare ba.

Da ciwon Fasuma ya yi tsanani har likitoci suka ce a maido ta gida, ta aika a kira ni. Ta ce akwai abin da ba ta son ta kai kabari. Lokacin Hidaya na da shekara bakwai, wata malama ta zo har gida tana roƙon a ba ta ita a sa ta lakwal ɗin kurame a Maradi. Fasuma ta hana, don babu mai taya ta tsinkar zogale, kuma tana tsoron bakin mutane.

"Har da naki, Rahmatu," in ji ta.

Ban musa ba. Na ce a kira Jibo ya isar. Ta ce yaushe za ta buɗe cikinta gaban suruki. Sai na ce to ta yi maganar da hannu, in ɗauka a waya, in kai inda rezo yake. Aka jingina ta da matashi. Ta nuna ƙirjinta, ta yi kamar rubutu a tafin hannu, ta yi kamar tana rufe ƙofa. Sannan ta haɗa hannu biyu ta miƙa, wato Hidaya ta yafe mata.

Da hantsi na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Maradi, gidan Hajiya Saudatu a Sabon Gari, wadda na shekara goma ina kai wa zogale. Gidanta akwai wifi har madafa. Na tarar da jikokinta suna kallon wasu turawa na rawa da kyanwa, hoto garau, ba ya ko tsayawa. Hajiya ta karɓi wayar, ta danna, kafin in kwance mayafi ta ce ya tafi. Abin da muka yi wata huɗu muna fama da shi.

Na zauna har azahar. An kawo tuwon shinkafa, ban iya ci ba, ni da ba a ajiye kwano gabana. Hajiya ta yi ta jana da labarin wata amarya da aka mayar da kayanta, ko tambaya ɗaya ban yi ba. Ta ce lalle ba ni da lafiya. Can wayar ta yi ƙara, bidiyon amsar Hidaya ya shigo. Na kalla sau ɗaya, na tashi.

Na iske Fasuma da rai, amma idon ya rufe mata. Na kai wayar gaban fuskarta, ta ce haske kawai take gani. Cikin matan da ke ɗakin babu wadda ta san abin da hannun Hidaya ke faɗa. Sai na ajiye wayar, na kama hannun Fasuma. Na ɗora shi a kan nononta, wato inna. Na shafe tafinta da nawa, na hura, wato ya wuce. Na gaya mata a kunne cewa ga jikanyarta, ɗiyar Hidaya, nan a hoton, da rigar lakwal da allo a hannu.

 Sannan ta ce, "Ke yaushe kika iya?"

"Tun tana goye, Fasuma."

Ta ɗaga yatsunta a hankali ta kai baki, ta buɗe, ta rufe. "Munafuka," in ji ta, tana murmushi. Washegari bayan la'asar ta cika.

Bana aka kafa sabon dogon ƙarfen rezo bayan lakwal ɗinmu, yanzu hoto na tafiya ko daga cikin ɗaki. Hidaya na kirana duk Juma'a. Nakan jingina wayar da turmi, saitin ƙofar uwarta, mu yi ta hira har hannuna ya gaji.