Buntun Yaya Badamasi

Wai ni ce marar kunya! To na ji, na karɓa.

Injin casar shinkafar Yaya Badamasi, wan mijina, katanga ɗaya ce ta raba shi da gidanmu a Kura. Duk buntun da injin ya fesar a bayan katangar ake jibge shi, in ya yi tsauni a cinna masa wuta. Ita kuwa wutar buntu ba ta ci bal-bal ta mutu. Ciki-ciki take ci, sati da satittika, hayaƙin yana kwararowa tsakar gida. Ga janaretansa yana ta aman baƙin hayaƙi. Ko shanya ka yi, ƙauri za ta yi.

Rahma 'yar farina ce, shekararta huɗu. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta rawar jiki a kansa gaban manya. "Yarinyar nan" nake ce mata. Tun kaka take tari, ƙirjinta yana kuka kamar 'yar kyanwa, ni kuma ina kawar da kai don kada a ce na cika zumuɗi.

Da na kai ta asibiti, likita ta ce asma ce. Ta ce hayaƙin yana da wata ƙura mai laushi da ido ba ya gani, har can cikin huhu take shiga, kuma magani ba zai yi aiki ba muddin tana shaƙarsa. Na gaya wa Usaini, mijina. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kubra, Yaya ne fa. Ta ina zan fara?"

Ta ina zai fara! Kai jama'a.

Ranar Talata da hantsi iska ta juyo mana da hayaƙin gaba ɗaya. Na tarar da yarinyar nan durƙushe bakin randa, tana jan numfashi yana ƙin zuwa, leɓenta ya yi baƙi. Na fesa mata maganin asmarta na shaƙa, na saɓa ta a kafaɗa, ko mayafi ban gyara ba na nufi injin. Yaya Badamasi yana zaune a benci cikin 'yan kasuwa, ana auna shinkafa.

"Yaya, dube ta!" na ce. "Rahma ce, 'yata! Hayaƙinka zai kashe min ita. Ka kashe wutar nan, don girman Allah!"

Bai ko kalli yarinyar ba. Cewa ya yi, "Je ki gida."

Bayan la'asar surukata ta tara dangi. Wallahi na zaci maganar buntu za a yi. Ashe ni aka zauna a kaina: na fita ba izini, na ɗaga wa wan miji murya, na kama sunan 'yar fari a tsakiyar maza. Aka ce in durƙusa in ba shi haƙuri. Ana wannan zama hayaƙin yana shigowa ta taga, surukar tawa da kanta tana tari tana share ido.

Ban durƙusa ba. Na goya 'yata, na tari adaidaita, sai gidan iyayena a Madobi.

Yanzu tana bin awakin Babana da gudu, ko tari babu. Usaini ya aiko sau biyu in koma, na tambayi ɗan aiken ko an kashe wutar, ya sunkuyar da kai. Jiya ta zo ta riƙe min zani.

"Umma, yaushe za mu je wurin Abba?"

Na ce mata ta je ta yi wasanta.