Ƙofar da Jan Fenti Ya Bari

"Rijiyar ba nan take ba, bayan shagon wanzami take," in ji Inna mai ɗinki, tana nuna bangon da almakashi.

Jan Fenti ko juyowa bai yi ba. Yana zaune a kujerar roba, buroshi a hannunsa, ya ce shi da ya bi unguwar gida-gida ba za a koya masa ba. Inna ta ce ƙwarai ya bi ta, shi ya sa yau babu ita.

Shekara arba'in ke nan da hukuma ta rushe tsohuwar unguwarsu don a fitar da titi, aka kwaso mutanen a motocin yashi aka zube su bayan gari. Shi ne ma'aikacin da aka ba gwangwanin jan fenti, ya bi ƙofofi yana shafa alamar rusau. Da ya yi ritaya, bai tashi samun ɗakin haya ba sai a tsakiyar mutanen da ya tasa, jikin ɗakin Inna. Suka laƙaba masa sunan, ya amsa abinsa. Inna kuwa abinci da baƙar magana tare take kai masa, bai taɓa mayar da ko ɗaya ba.

Tun da likita ya sallamo shi ya ce ya je gida ya huta, hutun da kowa ya san ma'anarsa, tsohon ya kama zana tsohuwar unguwar a bangon tsakar gida. Kafin sati biyu gidan ya koma kasuwa. Tsofaffi na jawo jikoki suna nuna musu inda aka haifi iyayensu. Wani direba ya rantse gidansu ya fi haka girma, Jan Fenti ya ce in dai a bango ne yanzu zai ɗora masa bene. Aka yi ta dariya, wasu na share ido da bakin mayafi.

Gida ɗaya ya tsallake, na su Inna. Abin ya ci mata rai ba kaɗan ba, amma ta daure har ranar da ta ga gwangwanin ruwa ma ya fara gagararsa ɗauka.

"Mantawa ka yi, ko gidanmu bai kai a zana ba?"

Ya dubi gurbin da ya bari a bangon. "Koriyar ƙofa ce, mai mariƙin ƙarfe. Mahaifiyarki na tsaye a jikinta. Ta ce in dakata ta shiga ciki, kada a yi a kan idonta. Ban dakata ba. Duk lokacin da na zo nan sai hannun ya ƙi. Ki yafe mini, maƙwabciya."

Inna ta shekara da shekaru tana tanadin amsar da za ta ba shi a wannan rana, amma da ranar ta zo ba ita ta faɗa ba. Ta gyara ɗankwali ta ce ita ba ta karɓar rabin aiki, ya gama tukuna su yi magana. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari da hantsi ta fito da kofin shayinsa, ta tarar da shi a kujerar, kansa jingine da bango, buroshin a cinyarsa. Ta kira shi sau biyu da sunan tsokana, sau ɗaya da na gaskiya. Sai ta ajiye kofin a ƙasa a hankali.

Ga gidansu nan ya zana a bangon, tsakanin rijiya da shagon wanzami, ƙofarsa a rufe, koriya shar, babu ɗigon ja a jikinta.

"Mariƙin a hagu yake, mai taurin kai," ta ce. "Amma ka gama. Na yafe."

Ta kai yatsa ta taɓa ƙofar, ashe fentin bai bushe ba. Har yamma, masu zuwa gaisuwa na shiga suna fita, Inna na zaune a gindin bangon, hannunta a cinya, kan yatsanta kore.