Tsawon Bishiyar Bayan Ɗaki

Mai gari ya aiko a sare bishiyar turaren da ke bayan ɗakin Nabanda, kafin iskar damina ta kayar da ita a kan rufin maƙwabta. Nabanda ba ta musa ba. Ta dai roƙa a ɗan jinkirta mata, tana so ta san tsawonta tukuna.

'Yarta Tiyamike ce ke auna ta duk shekara, tun da ta shiga sakandare a Zomba. Ba ta hawa. Sanda take kafawa, ta auna inuwar sandar, ta auna inuwar bishiyar da igiyar shanya, ta tsuguna ta yi lissafi a ƙasa da tsinke, sannan ta ce, "Mama, ta ƙaru." Nabanda tana dakan masara tana dariya, ba ta taɓa ajiye taɓarya ta koya ba. Zazzaɓi ya ɗauke yarinyar tana ajin ƙarshe.

Nabanda ta kafa sandar da kanta, ta auna inuwar nan biyu. Daga nan hanya ta ɓace mata. Makaranta tana hutu, malamin lissafin kuma an mayar da shi Lilongwe. Sai ta nemi Dalitso, wanda ya fi kowa maki a ajin su Tiyamike, yanzu yana haya da keke a bakin kasuwa.

"Lissafi kuma, Mama? Ranar da muka gama jarrabawa na sauke shi a ƙofar aji, ko waiwaye ban yi ba."

"Kai da aka kira sunanka a rediyo?"

"Hadda ce. An ɗura mana, mun amayar."

Mphatso, ƙawar Tiyamike, tana gefe tana suyar mandasi, irin fanken garin. Ta ce, "Rabu da shi, Mama, kansa da tayar kekensa duk iska ce a ciki."

Dalitso ya ce, "Ji mai magana. Ke da kike laɓewa a gonar makaranta duk lokacin lissafi?"

"Ni ban taɓa cewa ina son sa ba. Amma waƙar tana nan a bakina."

Ashe malamin ya mayar musu da ƙa'idar waƙa, suna rerawa da Turanci suna dukan tebur. Mphatso ta bar wa Dalitso kaskon, ta bi Nabanda gida. Ta tsaya a gindin bishiyar ta rera tun daga farko, ko kalma ba ta bari ba. Nabanda ta miƙa mata tsinke. Mphatso ta tsuguna ta rubuta, ta goge da tafin hannu, ta sake rubutawa.

"A raba ne, ko a ninka..." Ta ajiye tsinken. "Mama, mu waƙar kawai muka iya. Tiya ce ta san abin da take faɗi."

Nabanda ta daɗe tana kallon ƙasar da aka goge.

Da hadari ya fara haɗuwa, masu sara suka zo. Bishiyar ta faɗi cikin gona, haske ya cika bayan ɗakin. Babbansu ya share gumi ya ce, "To Mama, ga ta a kwance. Yanzu ko da taki sai ki auna."

"A tsaye take auna ta," in ji Nabanda. "Ku daddatsa."