Maganin Gilashi

"Wannan ai ba sabulun mota ba ne, ruwan wanke kwano ne aka sa wa kala," in ji Baba, ya mayar da jarkar kan kanta.

Mai shagon ya yi dariya, ya sauko da wata. 'Yarsa Auta ta dubi agogon wayarta.

Gobe da safe mai sayen motar Baba zai zo, wani malamin makaranta, kuma sharaɗinsa ɗaya: ya same ta fes. Likitan ido ya riga ya ce Baba ya ajiye tuƙi. Baba ya ce to a gaban likita, ya ce to a gaban Mama, amma yau ma shi ya tuƙo su zuwa shagon, ƙirjinsa manne da sitiyari yana leƙen titi. Yayyen Auta ne suka ɗora mata rakiyar, don ita kaɗai ce ba ya iya yi wa tsawa. Ta san abin da yake nema. Idan ya ce babu kayan wanki na kirki, sai a ɗaga cinikin, kuma jibi ya koma titi da idon nan.

"Baba, ga wannan, ba ya cin fenti," in ji mai shagon.

Baba ya buɗe, ya shinshina, ya murza ɗigo tsakanin yatsunsa. "To, wannan da dama-dama. Kana da kakin goge fenti na jan gwangwani, mai hoton tsuntsu?"

"Kai, Baba! Tun ina firamare aka daina yin sa. Yanzu sai na feshi."

"Feshi. Mota ce ko sauro?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta tuna jan gwangwanin. Tun tana yarinya Baba yake tuƙa tasi, kuma duk ranar hutu sai ya fito da motar gindin bishiyar ƙofar gida, don a cewarsa mai wanke mota a rana maƙiyin fenti ne. Bokiti biyu yake jerawa, na kumfa da na ɗauraya. Babban yaya shi ne mai tayoyi, mai bi masa kuma kujeru. Ita da take guntuwa aka ba ta madubin gefe, ta hau kujerar tsugunno tana gogewa tana yi wa kanta gwalo. Mama kuwa tana daga ciki tana cigiyar tawul ɗinta, wanda kowa ya san inda yake.

Gilashin gaba ne kawai ba wanda yake taɓawa sai shi. "Ko ɗigon maiƙo kada ya hau nan," yakan ce. "Da rana ba za ka gan shi ba. Sai fitilar wata mota ta haske ka, titi ya ɓace maka gaba ɗaya."

Yanzu ya ƙi soson farko, wai zai karce jiki. Ya ƙi turaren mota, wai warin alewa yake yi. Tawul mai laushi kaɗai ya karɓa, bayan ya shafa shi a kumatunsa.

"Saura maganin gilashi," in ji mai shagon, ya yunƙura.

"Zauna, ɗana. Wannan ni nake zaɓa."

Baba ya taka zuwa kantar, ya bi kwalaben da kallo, ya ɗauko wata ya ɗaga ta wajen haske kamar mai karanta rubutun. Auta ta karanta daga inda take tsaye. Man sheƙin dashbod ne, wato allon gaban direba, maiƙo zalla. Mai shagon ya buɗe baki, ta girgiza masa kai a hankali. 

"Wannan," in ji Baba. Sai ya fesa kaɗan a bayan hannunsa, yadda ya saba, ya murza.

Yatsansa ya tsaya. Ya sake murzawa. Ya daɗe yana kallon hannun nan, fankar shagon tana ta juyawa a kansu.

"Kwalaben ne suke kama da juna, Baba," in ji mai shagon. "Kowa ma yana..."

"Ba sa kama," in ji Baba. "Auta, wace kala ce?"

"Ruwan ɗorawa ce, Baba. Na gilashin shuɗi ne."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da kwalbar. "Ɗauko shuɗin. Ki haɗa da kakin feshin nan nasa. Yau za mu gama ta."

A waje ya tsaya gaban motar, ledar kayan a hannunsa. Ya laluba aljihu, ya miƙa mata makulli ba tare da ya dube ta ba, ya zagaya ɗaya gefen. Ya zauna, ya gyara, ya sake gyarawa, ƙafarsa tana neman birkin da babu.

Auta ta tayar da motar.

"Kujerar nan ta lotsa," in ji Baba. "Shekara da shekaru uwarku tana zama a nan, ba wanda ya gaya min?"

"Ka ce mai ƙorafi ya sauka ya taka da ƙafa."

"Na ce haka?" Ya jingina. "To, ja mu tafi. A hankali da giya ta biyu, ba ta son gaggawa."